Amsa Ga Ofishin Haraji, Garwa

Takardarku ta iso ran Talata.
A ƙarƙashin ƙofar shago na tsince ta,
Faransanci layi goma sha huɗu, hatimi biyu,
sunana a sama, an gutsure masa harafi.
Ɗalhatu nake, ba Dalatu ba. Mu fara daga nan.

Kun ce: ina mazauninka shekara shida?
Malam Hamajoɗa, ranka ya daɗe,
gurbin da kuka bar wa amsa
bai kai faɗin farcena ba.
Shekara biyu a Gabon, ɗaki ɗaya mu biyar,
katifa guda, barci karɓa-karɓa.
Wata tara a Malabo,
inda ruwan sama bai san hutun Juma'a ba.
Sauran a gaɓar Kwango, kwance ƙarƙashin jirgin ruwa,
ina ɗinke masa ciki da wuta.
Wanne zan rubuta a ciki?

Kun ce: nawa ka samu?
Na san nawa aka yi mini alkawari.
Wani ɗan kwangila ya gudu da wata huɗu,
in kun gan shi, ku karɓi naku, ku miƙo mini saura.
Inda aka biya kuwa, akawu ya riga ni yanka,
ya cire na gwamnatinsu kafin sefa ta ji ɗumin hannuna.
Akuyar da aka feɗe a can
da wace fata za ta zo muku?

Rasit akwai.
Suna cikin gwangwanin madara,
wasu gishirin teku ya lashe musu lamba,
ɗaya na naɗe maganin ciwon haƙori da shi.
Daren jiya na shimfiɗa su a tabarma,
Ramatu na haska waya, ina jerawa,
ta ce ashe haka shekara shida take, ko tabarma ba ta cika ba.

Kun ce shagona na Yalwa bai daina aiki ba.
Ƙanena Sha'aibu ya riƙe shi wata bakwai,
injin walda ya ƙone, ya koma haya da babur.
Tun ranar gizo-gizo ne mai shago.
Bai sayar da komai ba, na duba.

Abin da na aiko gida bai ɓuya ba:
kwanon rufi ashirin da shida, ana hango su daga titi,
aikin idon Inna, wadda yanzu ke zura zare da kanta,
kuɗin makarantar yara uku,
da likkafanin Baba,
wanda aka binne ina kan tsani, waya a kunne,
tartsatsi na zuba mini a takalmi.
Wannan a wane layi ake sa shi?

Ba gudu nake ba.
Gadar Binuwai da na tako na dawo
na san ba da addu'a kaɗai aka gina ta ba.
Abin da lissafi ya ce nawa ne, zan biya,
ko da kaɗan-kaɗan, bayan na gyara inji.

Litinin ƙarfe takwas ina nan tafe
da fasfo, da gwangwanin, da tabarau.
A tanadar mini kujera, bayana ba kamar da ba.
Kuma don Allah, kafin mu taɓa lamba,
a mayar mini da harafina.