Kwalba Ta Sha Bakwai

A shekararmu ta uku a jami'a, can Khulna,
Malama Shefali Mondol ta rufe littafi tun darasi bai yi rabi ba,
ta ce, "Gobe kowa ya zo da takalmin da ba ya tausayi."
Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Kwalekwale ya kwashe mu da asuba, mu tara,
da akwatin kwalabe, da na'urar auna gishirin ruwa
wadda aka ce kuɗinta ya fi kuɗin karatun mutum biyu.
Ni aka ba riƙonta.
Na rungume ta kamar jinjirin da ba nawa ba.

Ƙauyen yana laɓe bayan ganuwar laka
wadda guguwa ta fasa har sau biyu.
Inda a da shinkafa ke sunkuyar da kai don nauyi,
yanzu jatan lande ake kiwo,
ƙasar gefe ta yi fari fat, ta tsattsage
kamar leɓen mai ƙishirwa.

Nan muka tarar da Komola Rani,
tsohuwa, haƙori uku, ido kamar na shaho.
Ina ta fama da maɓallai,
sai ta tsoma yatsa a tafki, ta lasa, ta tofar.
"Wannan saniya za ta sha, amma gauta zai mutu a kwana uku.
Wancan kuwa ko agwagwa ta ƙi shi."
Na'ura ta yi shiru, ta yi tunani, ta ƙifta,
sannan ta faɗi abin da tsohuwa ta riga ta faɗa,
sai dai ita da lamba.

Kwalba ta sha bakwai daga tafkin bayan gidanta na ɗebo,
inda jikarta ke cika tulu kullum kafin ta tafi makaranta.
Na rubuta lambar. Hannuna bai so ba.

A hanyar dawowa Mrinmoy ya ce,
"To, mun auna. Sai me? Lamba na kashe ƙishi?"
Malama tana kallon ruwa ta ce,
"Ruwa ba ya tsami banza. Ku bi sawu."

Muka bi.
Wani sawun ya nufi teku, wani ya haura kan kogi,
wani ya tafi ƙasashen da ba mu da kuɗin zuwa.
Wani kuwa, abin kunya, ya biyo mu har ɗakin kwana:
famfon da ke ɗiga tun zuwanmu,
rufin ɗakin karatu mai zubar da damina ɗungum a kwata.

Wasiƙa goma sha ɗaya muka kai ofishin kuɗi.
Ta sha biyu Moumita ta kai da ƙafarta, ta zauna, ta ƙi tashi.
Aka ba mu tanki biyu. Huɗu muka roƙa.
Ragowar shinkafar ɗakin cin abinci muka binne ta zama taki,
wari ya sa aka yi mana laƙabi,
har kabewa ta fito, masu laƙabin suka zo roƙo.

Ranar rabuwa kowa ya dasa ɗan itacen keora a taɓon bakin kogi.
Nawa akuya ta cinye.
Na biyu ruwa ya tafi da shi.
Na uku ban koma na duba ba tukuna;
ina tsoro, ina kuma sa rai.

Takardar shaida tana cikin akwati.
Kwalbar ce a kan taga.
Ruwan ya daɗe da ƙafewa,
ya bar farin zobe a gindi.

Mahaifiyata ta tambaye ni me na koyo a shekara huɗu.
Ban iya amsawa ba.
Ta miƙo mini kofin ruwa,
kafin in sha,
sai na ga yatsana ya riga ni shiga.