Daga Tsanwa zuwa Shuɗi

Asabar ce, ƙarshen Afrilu,
rana ta sauko Sakkwato ta zauna bisa kwano.
Mu goma sha huɗu muka jeru ba takalmi
a ajin da muke ara a Runjin Sambo,
bencina a jingine da bango,
fanka ɗaya, ita ma tana jiran wuta.

Ga Malam Haliru da littafin halarta,
ga baƙon alƙali mai furfura a gira,
baƙar ɗamararsa ta tsufa
har ta fara komawa fara.

Zuwa casa'in na yi, an rubuta.
Kuɗin gwaji kuwa
Inna ta ƙirgo su daga gwangwanin cinikin awara,
suna ƙanshin mai.

Naushi, na yi. Tarewa, na yi.
Shuri har tsayin kunne, na yi,
wando ya yi kuka bai yage ba.
Sai aka kira kata.
Taku ashirin da na haddace kamar sunan gidanmu,
na yi su a soro, na yi su a layin famfo,
na yi su cikin barci har na shuri ƙanena.
A na sha bakwai kowa ya juya dama,
ni na juya hagu.
Na tsinci kaina ina kallon allo
da lissafin 'yan aji uku da ba a goge ba.

Luba, wadda ba ta kai min kafaɗa ba,
ta durƙusa da tsanwa, ta miƙe da shuɗiya.
Sunana sai a ƙarshe:
"Tukur, wata ukku."
Ko kai bai ɗaga daga takarda ba.

Ban nufi gida ba, Marina na nufa.
Kaka Modi na bakin karofi,
hannuwansa shuɗaye har gwiwa tun ba a haifi ubana ba.
Na jefa masa ɗamarar:
"Tsoma min, a wuce wurin."

Ya yi dariya har da tari.
Ya sa sanda ya ɗago wani zane daga rami,
yana ɗiga, tsanwa shar kamar ganyen yakuwa.
"Tsaya," ya ce. Na tsaya.
Kaza ta wuce. Wani ya yi sallama.
A kan idona zanen ya fara duhu
daga gefe, daga gefe, zuwa tsakiya.
"Rami ba shi ba da shuɗi, yaro,
sai an hid da zane ya sha iska.
Wanga ma sau tara za shi koma ciki."
Can baya mabuga na ta dukan wani,
dukan da ke sa shi ƙyalli.

Wata uku ina sharar aji.
Malam ya haɗa ni da ɗan Sambo,
mai farar ɗamara da ke kai masa gwiwa,
wanda bai san damansa ba sai ya tuna hannun tuwo.
Na koya masa juyin nan sau ɗari,
na ji haushi, na koya masa sau ɗari biyu.

Ranar da aka sake kira na, ruwa ake,
kwano na ƙara har ba a jin ƙidaya.
Ban san lokacin da na sha bakwai ya wuce ba.
Ƙafa ce ta juya, ni na bi ta.

Malam ya ɗaure min da hannunsa,
ya ja ƙullin har numfashi ya tsaya,
ya ce, "Litinin kada ka makara."

Wankin farko ta yi zuba,
ta ɓata min farar riga a ƙugu.
Kaka ya murza ta, ya shinshina,
ya taɓe baki:
"Rinin kanti."
Amma bai miƙo min da wuri ba.