Kwalbar Baba Ilu

Shekara tara Baba Ilu yana kuku
a sansanin 'yan Italiya masu shimfiɗa kwalta.
Da aiki ya ƙare, suka naɗe tantunansu,
ya dawo ƙauyenmu, gabas da Ringim,
da keke ɗaya, da tabon mai a hannun dama,
da wata kwalba mai koren murfi
wadda babu komai cikinta sai ƙamshi.

Mu dai allura da maɓallai muka tashi muna gani a ciki.

Bana ciwon ƙafa ya zaunar da shi.
Tuwo ya ƙi, fura kurɓi biyu,
miyar kuka ya ce ta gaishe shi daga nesa.
Ran wata Alhamis da la'asar ya ce, "Hansai,
zazzage maɓallan nan.
Ganye biyar ne, bari in gaya miki."

Ya ƙirga huɗu a yatsunsa, ya tsaya.
Ya daɗe yana kallon yatsa na biyar
kamar mutumin da ya sha gani a kasuwa
amma sunan ya ƙi zuwa.

Ɗoɗɗoya dai ga ta a bakin rijiya,
ita ke korar mana sauro tun muna yara,
ban taɓa sanin tana da dangi a Turai ba.
Tayim na samo ran Lahadi a Gujungu,
ƙulli biyu wajen mai kayan miya.
Rozmari sai da Gambo direba ya shiga Kano,
ya kawo shi a takarda yana dariya:
"Kuɗin kaza kika zuba a kan tsinken tsintsiya."
Origano kuwa, duk wanda na tambaya
sai ya ce, "Ɗan wane gari ne?"
Na tsinko na'a-na'a ta tsaya masa.

"Kada ki kai su rana," in ji Baba,
"rana ɓarauniya ce, kore take fara ɗauka."
A inuwar rumbu na shanya a faifai,
na rufe da tsohon mayafi saboda kaji
da akuyar Tabawa, wadda ba ta san nawa da naka ba.
Kwana shida shiru.
Ran na bakwai ganye ya yi magana,
ƙaras-ƙaras tsakanin yatsu.

Na jawo turmi, ya ɗaga sanda:
"Ke! Wannan ba yaji ba ne. Da tafin hannu ake murzawa."
Na murza.
Ɗoɗɗoya cokali biyu, sauran ɗaya-ɗaya,
rozmari rabi, don shi ba ya jin magana.

Taliya 'yar murji na sauko da ita daga igiya.
Tumatirin fadamarmu, tafarnuwa, man gyaɗa,
wuta kaɗan-kaɗan da karan dawa.
Da na barbaɗa ganyen a tukunya
ƙamshi ya riga hayaƙi tsallake katanga.
Tabawa ta leƙo: "Maganin me kike dafawa?"
Yara uku suka zo ɗibar wuta lokaci guda.

Baba ya karɓi kwano, ya yi bismilla,
ya nannaɗe taliyar a cokali mai yatsu
yadda ban taɓa ganin hannunsa ya yi ba.
Ya tauna, ya rufe ido.
Sai na ji kamar gireda na wucewa can cikinsa,
wani Bature na masifa a kan gishiri.

"Yaya, Baba?"

"Ba shi ba ne," ya ce.
"Nasu ya fi sanyi. Naki da Hausa yake magana.
Na biyar ɗin ma har yanzu bai zo mini ba."
Ya suɗe kwanon da yatsa,
ya miƙo ba tare da ya dube ni ba:
"Da saura a tukunyar?"

Ragowar ganyen na cikin kwalba yanzu.
Maɓallan suna gwangwanin madara
kafin a samo musu gida.