Yatsun Kakana

Kakana ba ya iya sa maɓallin rigarsa.
Ni nake sa masa kowace Lahadi,
shi kuwa ya baje hannuwa a kan gwiwa
kamar saiwar da ambaliya ta tone.

"Wannan," ya ɗaga manuni,
"a Troy na bar shi, shekara shida bayan yaƙin basasa.
Na tsakiya, Cleveland.
Ɗan autan nan na manta garin,
na dai tuna ana yayyafi."

Lemuel Haskett, ɗan mai haɗa ganguna
a gaɓar kogin Ohio,
ya ajiye guduma ya bi besbol.
Ubansa ya tofar da yawu ya ce:
"Ƙato da gemunsa, wai wasa ne sana'a?
Mu ga tukunyar da zai ɗora."

Zamaninsu ba safar hannu, ba garkuwar fuska.
Ka tsuguna bayan mai gora,
ka ciji guntun roba don haƙoranka,
ƙwallo ta taho kamar dutsen majajjawa,
ka tare ta da naman da Allah ya ba ka.
Dala goma sha biyar a mako,
in an biya.

Kakata Hester takan ce:
"Rani na jirgin ƙasa ne. Hunturu ne nawa,
shi ma sai da man zafi."

Da gwiwa ta ce ta gaji
aka danƙa masa ragamar ƙungiya:
mutum goma sha ɗaya, buhun gorori, bashin masauki.
Shi ke ƙirga sulalla a ƙofa,
shi ke janyo mai jifa daga mashaya kafin asuba,
shi ke rubuta wa uwar yaro wasiƙa
in an sallami yaron.
Wata Agusta mai ƙungiyar ya gudu da kuɗin ƙofa.
Kakana ya jinginar da agogonsa,
ya kai kowa tashar garinsu.
Agogon bai dawo ba.
Ba a rubuta wannan a littafin maki.

Ina shekara tara ya kai ni sabon fili,
duk siminti da ƙarfe,
samari da safar fata kamar matashin kai.
Mai tsaron ƙofa bai san shi ba.
Bai ce komai ba, ya biya, muka hau can sama.

Can ƙwallo ta kauce, ta nufo mu.
Mutane suka sunkuya.
Hannunsa bai yi shawara da shi ba,
ya tashi shi kaɗai.
Tas!

Tsohon tabo ya buɗe tsakanin yatsu biyu.
Ya dube shi, ya yi dariya har da tari,
ya miƙo mini ita da ɗuminta.

Tana nan cikin akwatin zarena.
Jinin ya koma ruwan ƙasa,
ɗan ɗigo ne kusa da ɗinki,
bai kai girman maɓalli ba.