Akwati Mai Lamba Sittin da Huɗu

Daga ramin bayan tsohon bariki, a tsaunukan Nebaj,
muka ɗebo shi da buroshi da cokali,
kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa.
Ƙashin cinya, haƙora goma sha tara,
ƙoƙon kai mai ƙofa biyu,
ta shiga ƙarama, ta fita wagege.
Da takalmin roba ɗaya, na hagu,
an ɗinke dunduniyarsa da waya.

Bai cika ashirin ba; ƙashi ne ya gaya mini.
Ƙashi ba ya rantsuwa, ba ya kuma ƙarya.

Baltazar Cedillo ya sauko daga dutse da asuba,
hula a hannu, matarsa Feliciana na biye
cikin jan zanen da ta saƙa da kanta.
Na goga auduga a cikin kumatunsu.
Ya yi dariya: "Yawu kawai?
Shekara arba'in ina ba hukuma tafin ƙafata,
ashe yawu take so."

Mako bakwai inji na lissafi.
Ran Talata da la'asar, ruwa na dukan kwano,
layuka suka jeru a fuskar kwamfuta.
Na uwa ya zauna daram, tukunya da murfinta.
Na uba ya tsaya can gefe, baƙo.
Na sake. Na canza kwalba, na canza safar hannu.
Na kira Anselmo ya duba, ban ce masa uffan ba.
Ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.

Suna aka aike mu nema,
muka haɗo da abin da ba a aike mu ba.

Takardar da suka dangwala wa yatsa
ta ambaci gawa, ta ambaci kotu.
Ba ta ambaci wani dare ba
a gonar kofi ta gangaren teku, shekara sittin baya,
inda mai gona ke riƙe da mabuɗin kowane ɗaki.
Ko kuwa ba haka aka yi ba. Ina na sani?
Inji ya san wanda ba uba ba,
dalili kuwa ba ya narkewa a kwalba.

Lauyan gwamnati na son fayil cikakke.
Lauyan kanar na neman kafa, ko ta allura ce.
In ya ga layin nan zai ɗaga shi sama,
ya ce gawar ma ba tasu ba ce,
Feliciana na benci na biyu,
gari duka ya kasa kunne.

In na ɓoye, na taɓa shaida da hannu mai dauɗa.
In na faɗa, na kashe wa tsoho ɗa sau biyu.

Na rubuta: "An tabbatar ta ɓangaren uwa."
Kalma biyar, kowacce gaskiya ce.
Sauran na liƙe a ambulan, na sa hannu a bakinsa:
na alƙali ne shi kaɗai, in ya tambaya.
Har yau ban san sunan abin da na yi ba,
amana ko wayo.

Ran da muka miƙa akwatin
Baltazar ko kallon takarda bai yi ba.
Takalmin ya ɗauka, ya juya shi,
ya bi wayar da babban yatsa.
"Ni na ɗinke wannan, ran kasuwa.
Sai da na ce ya daina jan ƙafa."

Feliciana ta dube ni, ba ta daɗe ba,
irin duban da ake wa wanda ya faɗo ɗaki ba sallama,
ya ga abin da ya gani,
ya fita ya ja ƙofa a hankali.

Akwatin bai kai rabin buhun masara nauyi ba.
Tsoho ya ɗaura igiya a goshi, ya goya shi,
ya fuskanci dutse.
Samari uku suka miƙo hannu.
Ya ce a'a.