Ampilin Inna

Wata uku ina tsince-tsince.
Taransifo na ciro daga tele da ta mutu a gidan Arzika,
taransisto huɗu Nomau mai gyara ya sayar mini,
jika da rabi, rantsuwa kyauta.
Gindin tsohuwar tukunyar alminiyam na yanke da zarto,
don ƙarfen da zai yi magana
sai an ba shi inda zai huce.

Dare a Bilbis.
Kuran ya zo, bai ce ga lokacin tafiyarsa ba.
Dalma na narkewa a bakin ƙarfe,
ƙaurinta ya kama rigata.
Sau biyu na ƙona ɗan ali,
na tsotse, na ci gaba.

Gwajin fari, garaje ya ci ni.
Na dasa kondansata kai a ƙafa.
Tas!
Farin hayaƙi, ɗaki ya cika da abu kamar audugar rimi,
akuyar maƙwabta ta tsinke igiya.
Da safe Nomau ya yi dariya har hularsa ta karkace:
“Sa ƙwan fitila tsakaninka da kuran, yaro.
In ya haska ya dushe, lafiya lau.
In ya kafe da haske, janye hannunka,
akwai ɓarawo a cikin waya.”

Gwaji na biyu, ƙwai ya haska, ya dushe,
zuciyata ta bi shi ta kwanta.
Allurar mita ta tsaya inda ake so.
Amma bafal sai gurnani,
kamar na ɗauko amya na rataye a ɗaka.
Kwana biyu ina farautar zuman nan,
ashe wayar mas ce guda, siririya,
ta yi nisa da ƴan'uwanta.
Na tara su wuri ɗaya, na ɗiga dalma.
Tsit.
Ban taɓa jin shiru mai daɗin wannan ba.

Abokai a fada suna tsammanin na kiɗa ne,
har sun zaɓi daren da za a hana unguwa barci.
Ban ce musu komai ba.
Kunnen Inna ya yi nauyi,
kuma a ƙasan akwatinta, naɗe cikin kallabi,
akwai kaset da Baba ya aiko daga Abijan
shekarar da bai dawo ba.

Bayan la'asar na kai mata har tabarma.
Na murɗa kaɗan. Ta ce, “An fara?”
Na ƙara. Fatar bafal ta soma numfashi.

“Tsahara, ina gaisuwa.
Na ba Barmu jika ashirin,
a yaɓe rumbu kafin ruwa,
a sayo wa Illo takalmin lakwal.”

Illo ni ne. Takalmin na tuna shi, shuɗi, ya yi mini yawa.

Ampili ba ya zaɓe.
Abin da aka ba shi, shi yake girmamawa:
ruwan sama a kan kwanon wani gari,
mai na soyuwa a bayan gida,
wani na kiran wani da yaren da ba mu ji.
Can ƙarshe, bayan sallama,
Baba ya zaci ya danne maɓalli.
Tari, mai tsawo.
Sai a hankali, ba da kowa yake ba:
“Allah, ka kai ni Tawa.”

Ƙaramar rediyonmu shekara goma sha ɗaya
tana haɗiye wannan.

Na kai hannu zan rage,
Inna ta make shi.
Ta ɗora tafinta a kan bafal ɗin,
ta ce, “Mayar baya.”
Na taɓa gindin tukunya, ya ɗau ɗumi
kamar goshin mai zazzaɓin da ya soma sauka.
Zai jure.

A karo na huɗu kuran ya tafi.
Ta zare kaset da kanta,
ta zura bik a raminsa,
tana juyawa, tana juyawa,
tana kallon ƙwan fitila.