Kashi Goma

Sun ce kasuwancina na da haɗari.
Na dubi shagon: tebur ɗaya, fanka mai tari,
kwamfutar da Barira ta saya min da kwasar adashi,
taswirar duniya da yoyon rufi ya cinye mata kusurwa.
Tikitin jirgi nake sayarwa ta intanet
daga saman bene a Agege, bayan layin dogo.
Ni kaina ban taɓa hawa jirgin sama ba.

Kamfani na farko bai tanka ba.
Na biyu ya aiko layi biyu, da godiya a ƙasa.
Na uku suka ce in zo.

Na fita bayan asuba, danfo zuwa Oshodi,
wata motar ta hau doguwar gada,
ruwa hagu, ruwa dama, masunta na jan koma a ƙasa.
Takarduna a leda, na rungume su kamar jinjiri,
don gabas ta yi baƙi.
Hadari a sama, haɗari a cinyata,
lanƙwasar harafi ɗaya ce ta raba su.

A hawa na tara Madam Ronke ta ba ni ruwan sanyi.
Ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, kai kana karɓar kuɗi yau,
jirgi sai bayan wata uku.
In bai tashi ba fa? In ka rufe shago?
In mai kati ya je bankinsa ya rantse bai san ka ba?
Wuyanmu za a kama.

Na yi shiru, don na tuna bara:
kujera huɗu zuwa Dubai,
da katin wata mata a Kanada
wadda ko sunan Agege ba ta taɓa ji ba.
Shi ya tashi, ni na biya.
Waɗanda nake tare da su a lokacin
suka rufe min ƙofa da saƙo guda.

Ta nemi takardar rajista, na miƙa.
Bayanan banki na wata shida, na miƙa.
Rasidin kuɗin wuta,
wutar da rabonmu da ita tun Talata.
Ta yi dariya. Ta ce su ma janareto ne.

Sai sharaɗi:
duk naira ɗari da ta shigo,
goma za ta zauna a wajensu kwana ɗari da tamanin,
ko da wani abu zai taso.

Mahaifina ya yi shekara talatin
yana ɗora huhun goro daga nan zuwa Gusau,
ba hatimi, ba sa hannu, sai musafaha.
Na so in faɗa mata haka.
Amma na tuna littafin da muka tsinta a ƙarƙashin katifarsa,
sunaye goma sha bakwai da ajami,
kowanne da lamba a gabansa,
uku kawai aka ja wa layi.

Na karɓi biro.

Ruwan ya same ni a Oshodi, har gwiwa.
Barira ta tarye ni a ƙofa, ta ce, an dace?
Na ce an dace, an rage.

Daren Alhamis, sha ɗaya da kwata, waya ta yi ƙara.
Wata nas ce a Ikorodu, Hauwa'u Ɗanlami,
ta saya wa mahaifiyarta kujera zuwa Jidda,
ta roƙa a ba ta gefen taga.
Casa'in za su iso ni jibi.
Goman na can ƙetaren ruwa,
a hawa na tara, cikin sanyin na'ura.

Na ɗauko sabon littafi,
na ƙirga wata shida da yatsa,
na rubuta ranar.
Fankar ta yi tari, ta tsaya.
Na kunna fitilar waya,
na nemo wa tsohuwa taga.